Injin tace ruwan wanki mai UF, ra'ayina a kai

Gaskiya injin nan yana aiki, amma fa ba yadda masu talla ke zuzuta shi ba. Wanda nake magana a kai shi ne mai UF (ultrafiltration), wato irin tacewar da ruwa ke ratsa wasu siraran zaruruwa masu rami a tsakiya, ƙofofin jikinsu daga maikuron 0.01 ne zuwa 0.1 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ka ga ko bakteriya ba ta samun hanya balle laka. Ruwan wanka da na wanki ya shiga dagule ya fito garau, wannan kam na ba shi maki.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne ganin ruwan ya yi haske sai a ɗauka ya zama na sha. A'a wallahi. Galibin abin da ya narke a ruwa, gishiri ne ko sinadaran omo, wucewa yake abinsa, shi ya sa wani lokaci har ƙanshin sabulu za ka ji. Na kora bayi ne da goge ƙasa da wanke mota, shike nan. In sha ake so sai an ƙara RO (reverse osmosis), wato matatar da ke tura ruwa ta wata siririyar fata mai tare har gishirin da ya narke, ita kuma tana buƙatar famfo mai ƙarfi da wuta, sannan tana zubar da wani kaso na ruwan. Ko Singafo da suka shahara da ruwan NEWater, wato ruwan datti da suke sake tsarkakewa, tun 2003 ba mataki ɗaya suke bi ba, sai sun tace, sun bi da RO, sannan su haska da UV, hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Babban ciwon kan shi ne toshewa. Maiƙo, gashi, ɓurɓushin zaren tufafi, duk suna liƙewa a jikin zaruruwan, yau ruwa na zuba sosai gobe sai ɗis ɗis, kuma ba lalacewa ya yi ba, wanki yake so, dole kana mayar da ruwa ta baya yana ɓamɓare dattin, lokaci lokaci kuma ka jiƙa shi da ɗan kilorin in takardarsa ta yarda. Amma kar kilorin ya kusanci RO, cinye fatarta yake. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo kuwa ban ba da shawarar a haɗa ba sam.

Mai son ya kafa ya manta da shi, ya haƙura kawai. Wanda zai iya kula kuma ya saya, amma ya sa rariya a gaba, kuma kar ya bar zaruruwan su bushe in zai daɗe bai kunna ba.