Tamanrasset ko Aljez: ina aka fi tsira daga girgizar ƙasa?

Ƙanena ya zo shagona a kasuwar Dole, yana son tafiya Aljeriya aikin gini, amma ya rasa inda zai zaɓa: Tamanrasset da ke kudu ko Aljez, babban birnin ƙasar, da ke arewa. Mu a Damagaram ba mu san girgizar ƙasa ba, duwatsun Birni suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Shi ya sa na zaunar da shi.

Arewacin Aljeriya, bakin Bahar Rum, nan ne farantin ƙasar Afirka, wato ƙaton faifan dutsen da nahiyar ke zaune a kai, ke tunkuɗar na Turai da Asiya, ƙasa kan motsa a kai a kai. A 1980 girgiza ta rushe El Asnam, garin da ake kira Chlef yanzu. Ran 21 ga Mayu 2003 wata ta afka wa Boumerdès, dab da Aljez, fiye da mutum 2,000 suka rasu, da yawa a cikin benaye. Wannan ya fi tsaya mini a rai, domin bene zai riƙa hawa kullum.

Tamanrasset kuwa tana kan tsohon dutsen Hoggar, nesa da wannan gaɓa, da wuya a ji ƙasa ta motsa.

Aiki ya fi yawa a Aljez, ban musa ba. Na ce masa: «Ƙanena, in shawarata za ka bi, ka tsaya kudu.»