Kantar hannu ga masu ɗaga ƙarfe: abin da ya cancanci a saya da abin da za a iya bari

Duk wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe zai yi kanta a gindin yatsunsa, kuma wannan ba cuta ba ce, kariya ce da fata take samarwa saboda gugar sandar ƙarfen da ake ɗagawa. Matsalar tana farawa ne idan kantar ta yi tudu ta bushe, sai sanda ta kama bakinta lokacin da ake jan nauyi daga ƙasa, ta ɓantare ta tare da lafiyayyar fatar da ke ƙarƙashinta. Saboda haka abin da mai saye yake nema shi ne kayan da za su bar kantar a shafe kuma da laushi.

Safar hannu ita ce abin da yawancin sababbin shiga suke fara saya, amma a ganina ita ce ta ƙarshe a amfani. Tana ƙara wa sanda kauri, alhali kaurin sandar gasa ta maza milimita 28 ne kawai, na ta mata kuma 25, an yi su ne don yatsu su zagaye su sosai. Idan gumi ya jiƙa safar, hannu yakan zame a cikinta, ɗinkinta kuma ya naɗe fata daidai inda ake gudun yagewa. Wanda yake motsa jiki da injina ko ƙananan nauyi zai iya jin daɗinta, muddin ya zaɓi wadda ta kama hannunsa tsam, marar soso mai kauri a tafi.

Allin ɗaga ƙarfe ya fi ta nesa ba kusa ba, domin yana shanye gumi ya hana sanda juyawa a hannu. A lura cewa sinadarinsa magnesium carbonate ne, allin makaranta kuwa wani abu ne dabam wanda ba ya yin wannan aiki yadda ya kamata. Akwai na dunƙule, wanda ya fi araha kuma yake daɗewa, akwai kuma na ruwa da ake haɗawa da sifirit, wanda ba ya ƙura amma ya fi busar da fata. A lokacin hunturu na dunƙule ya fi dacewa, kuma shafa kaɗan ya wadatar, domin allin da ya yi yawa yana ƙara guga. Madaurin wuyan hannu da ake naɗawa a jikin sanda yana ɗauke wa tafi wahala a ranakun nauyi mai yawa, sai dai ba a yarda da shi a yawancin gasanni ba, kuma dogaro da shi kullum yana raunana riƙo.

Kayan da suka fi muhimmanci su ne mafi araha. Dutsen goge kaushi, irin wanda ake sayarwa don dunduniya, ya isa aikin: bayan wanka, lokacin da fata ta jiƙu, a goge kantar a hankali har sai an shafa da yatsa ba a ji tudu ba, sannan a tsaya. Mutane da yawa sun fi son reza saboda sauri, amma hannu yakan wuce gona da iri, musamman idan hagu ce take yi wa dama aiki. Masu ciwon suga kada su yanke kanta da kansu ko kaɗan. Bayan guga sai mai, kuma a nan man kaɗanya ko basilin ba su gaza mayukan kanti masu tsada ba. Da dare ake shafawa bayan an wanke alli, ba dab da atisaye ba, don kada sanda ta yi santsi.

Ya kamata a ajiye ƙaramin almakashi mai tsabta da filasta a jaka tun kafin buƙata ta taso. Idan kanta ta yage, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a datse fatar da take reto, a shafa basilin a rufe, sannan a riƙa miƙe yatsu yayin da yake warkewa don kada sabuwar fata ta tsage. Kumburi, mugunya ko zogin da yake ƙaruwa alamu ne na zuwa asibiti, haka nan wanda ya yanku a jikin tsohon ƙarfe mai tsatsa, irin na wuraren motsa jiki na unguwa, ya tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Kafin a biya kuɗin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a duba inda sanda take zama a hannu. Idan ana ɗora ta a tsakiyar tafi, nauyi zai gangaro da ita ya tattare fata, amma idan tun farko an riƙe ta a gindin yatsu, yawancin yagewar ba za ta faru ba.