Ajin gyaran taku na kendo a Fukuoka: malamin ya biya ni, masu shirin sun ɓata mini rai

Masu tambayata ko ajin nan na ƙarshen mako da ake ta tallatawa, na gyaran taku da tsayuwa a kendo, wasan takobin gora na Japan, ya kai kuɗinsa, ga abin da na gani. Kuɗin dai ba na aljihun ɗalibi ba ne. Abin da ya sa na runtse ido na biya shi ne dunduniyata ta dama. Tun da na fara shirin jarrabawar nidan, wato dan (matakin ƙwarewa) na biyu, take damuna. Duk daren da muka yi atisaye mai yawan fumikomi, wato dirar nan da ƙafar dama ke yi daidai lokacin da shinai, takobin goran, ya sauka, washegari sai na yi ɗingishi kafin ƙafar ta saki. Na sayi matashin dunduniya irin wanda kowa ke saya, ciwon ya ɗan lafa, amma bai tafi ba. Ga shi kuma a gasa ba a barin mutum ya sa irin wannan sai da dalilin lafiya, don haka na san ba mafita ba ce.

Malamin dattijo ne, mai dan na 7 da muƙamin koyarwa na kyoshi, gajere, ba shi da yawan magana. Da muka gama gaisuwa kowa ya nufi sulkensa, sai ya ce a bar shi a inda yake. Ya sa muka tattare hakama, wandon nan mai faɗi da ake sawa a kendo, muka soke gefenta a ƙugu har gwiwoyi suka bayyana. Nan take na fahimci dalili. Hakama tana rufa wa ƙafa asiri, mutum sai ya shekara yana taka ba daidai ba malaminsa bai gani sosai ba. An manna layi biyu na salatif a daɓe, tsakaninsu kamar faɗin dunƙulen hannu, aka ce kowa ya hau ya tsaya a chudan, tsayuwar shiri da takobi a tsakiya. Shi kuma bai bi ta gabanmu ba, ta baya ya riƙa zagawa yana kallon ƙasa.

Da ya iso kaina ya ga matashin, sai ya tambaye ni inda ke ciwo. Na nuna masa dama. Ya girgiza kai, ya durƙusa, dattijo da furfurarsa, ya kama ƙafata ta hagu da hannu biyu ya ce, "Ga mai laifin nan." Wallahi na ji nauyin durƙuson nan da ya yi, don a gidanmu babba ba ya taɓa ƙafar yaro haka. Ya juya ta a hankali har yatsun suka kalli gaba sak, suka hau layin. Ashe a buɗe take, yatsu na kallon waje, dunduniya ta shigo ciki. Abin da suke kira shumoku-ashi kenan. Duk wanda ya tashi yana kallon dambe ya san tsayuwar nan: ɗan dambe yana ba abokin karawarsa gefe, ƙafar baya a karkace, don ya samu inda zai kawo hannu daga nesa. A dambe ita ce daidai. A kendo kuwa cibiya ce za ta fuskanci abokin karawa, kuma da zarar ƙafar hagu ta buɗe, kwankwason hagu ya bi ta ya koma baya, hannun hagu ya bar tsakiya, ƙarfin da zai tura mutum gaba ya zube ta gefe.

Yana daidaita ta na ji sharaɓata ta ɗaure, bayan gwiwa ya yi tauri. Ya danna bayan gwiwar da yatsa, wurin da suke ce wa hikagami, ya ce kada ya lanƙwashe kada kuma ya sandare, a bar shi a miƙe da ɗan rai a ciki. Ya sauke dunduniyar hagun ƙasa kaɗan, don na saba ɗaga ta can sama ina tsammanin hakan ne shirin zabura. Sannan ya ɗauko shinai ɗinsa ya kwantar a ƙasa, a gicciye, daf da babban yatsana na hagu. Ya sa wani ya tsaya mini, ya ce in sari men, wato in kai masa sara a kai.

Na zabura, sai ga shinai ɗin dattijo yana gangarawa can gefe. Ni ne na haure shi. Ya je ya ɗauko ya mayar, bai ce komai ba. Na sake, na sake haurewa. Kafin in kai sara, ƙafar hagu tana satar ɗan taku, ta matso kusa da ta dama, sannan in tashi. Wannan shi ne tsugi-ashi, taku ne da yake da wurinsa idan mutum ya yi niyyarsa daga nesa, amma idan ya zama jiki ba ya iya tashi sai da shi, to ka ba abokin karawa sanarwa kyauta. Mai ido yana ganin motsin nan zai dasa maka debana-kote, wato ya sari wuyan hannunka daidai lokacin da kake tasowa. Malaman dojo ɗinmu, wato zauren da muke atisaye, sun sha ce mini "hidari ashi, hidari ashi" (ƙafar hagu), ina amsa "hai" (to) da ƙarfi, amma ban taɓa jin satar a jikina ba sai da na ji sanyin gora a yatsana.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya biya ni kuɗina. Ya matso da ni kusa, kusa ƙwarai, inda nake jin kunyar yin sara don ya yi sauƙi. Ya tsaya a bayana ya ɗora tafin hannunsa a kan koshi-ita, allon nan na bayan hakama. Ya ce in manta da hannuwana, in manta da ƙafar dama, in jira har in ji ya tura. Ya tura, na tafi. Shinai ɗin da ke ƙasa bai motsa ba. Kuma ƙarar dirar ta canza. Da, "dim" take yi, sauti mai nauyi da nake ji har cikin ƙashi. Wannan karon "tas" ta yi, tafin ƙafa ya sauka gaba ɗayansa lokaci guda, ƙafar hagu kuma ta biyo da kanta ta tsaya a wurinta. Dunduniyar ba ta ce uffan ba. Ya sa na cire matashin na sake, haka dai.

Sai a lokacin ya yi bayani, da Japananci mai sauƙi don in bi shi. Idan hagu ba ta iya turawa, dama ce ke miƙewa neman nisa. Ta miƙe, yatsu su kalli sama, dunduniya ta riga kowa isa ƙasa da nauyin jiki duka a kanta, ƙugu kuma an bar shi a baya, ƙirji ya ranƙwafa yana bin hannu. Ciwon yana dama, asalinsa yana hagu. Ya kuma ja kunnenmu, mu da muka fara kendo da girmanmu, a kan agara. Tsinkewar agarar hagu na cikin raunukan da aka fi sani a kendo, kuma ƙafar da ke karkace murɗa jijiyar take yi a duk zabura. Ya kawo tsohuwar maganar masu takobi da ke jera ido a farko, ƙafa ta biyu, zuciya ta uku, ƙarfi na huɗu, ya wuce ga na kusa da ni. Duka abin bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, amma har yau shi nake tunawa idan na tsaya gaban wani.

Da rana aka sa sulke, ya sake kama ni da wani abin da ban zo dominsa ba. Ina ɗaga haɓa idan na sa men, wato kwalkwalin da ke rufe fuska. Ya leƙa ta cikin ƙarafan fuskar ya ce kwalkwalin ya yi mini girma. Tsakanin ƙarfe na 6 da na 7 daga sama akwai tazara mafi faɗi, monomi, wadda ya kamata ta zo daidai idanu. Nawa bai zo daidai ba, shi ya sa nake karkata kai don in gani, wuya ya bi, baya ya bi. Ya ninke tenugui, ƙyallen da ake ɗaurawa a kai ƙarƙashin kwalkwali, ya cusa ya gyara zaman fuskar, ya ce ƙeyata ta riƙa taɓa wuyan riga. Masu sayen sulke na hannu, ku duba wannan kafin ku zargi tsayuwarku.

Da a ce a yammacin Asabar na rubuta wannan, da cewa zan yi kowa ya je ya biya. Amma tun a ranar akwai abubuwan da nake haɗiyewa, kuma yanzu da nake rubutu suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Tallar ta ce ba za a wuce mutum 20 ba. Mun haura 40. Malami ɗaya ne, da mataimaka matasa da aikinsu ƙirga lokaci da busa usur. Ni na yi sa'a matashin dunduniyata ya ja idonsa. Akwai wata baiwar Allah da ta taso tun daga Kumamoto, a layin baya, har aka tashi abin da ta samu shi ne kalma ɗaya a wucewa. Kuɗinmu ɗaya da ita. An kuma rubuta cewa za a samu mai fassara zuwa Turanci saboda baƙi, ba mu ga kowa ba. Wani ɗalibi da bai daɗe da zuwa ƙasar ba ni na riƙa raɗa masa abin da na tsinta, nawa Japanancin ma na cefane ne da ɗakin gwaji.

Daɓen kuma fa? A Fukuoka, garin da ake yin babbar gasar kendo ta Gyokuryuki duk watan Yuli, a tsibirin Kyushu da kendo ya yi wa katutu, a rasa zauren katako mai laushi na wasannin budo, wato wasannin faɗa na gargajiyar Japan, sai ɗakin ƙwallon kwando aka kama mana. Katakon a shafe yake da man ƙyalli mai kama tafin ƙafa, ƙarƙashinsa kuma tauri kamar babu komai sai siminti. Suri-ashi ana jan ƙafa ne a kan daɓe ba a ɗagawa, to yaya za ka ja a inda ƙafa ke maƙalewa? Kafin la'asar bororon da ke ƙasan babban yatsana na hagu ya fashe, ba ni kaɗai ba kuma, filasta ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Ajin da aka shirya don ceton ƙafa, a yi shi a daɓen da ke cin ƙafa, a cikin sanyin hunturu, babu ko lokacin ɗumama jiki na kirki da safiyar Lahadi. Shi kansa malamin na ga ya buga daɓen da ƙafa ya ɓata fuska, ya rage yawan fumikomi da aka tsara. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, a bakin ƙofa masu shirin sun baje tebur suna sayar da matashin dunduniya, irin wanda dattijon ya sa na cire.

Yinin Lahadi kusan duka a jigeiko, wato karawar atisaye, ya tafi. Karawa tana da daɗi, ban musa ba, amma kowa yana da ita a dojo ɗinsa kyauta. Kuma da zarar an ce "hajime", wato a fara, tsohon hali dawowa yake yi da gudu. Ina ji ƙafar tana buɗewa, ba wanda ke bayana ya gani.

A nan ne maganar bidiyo ta fi yi mini ciwo, don ita ce ta sa na zaɓi wannan ajin a kan wasu. An yi alkawarin kowa zai samu bidiyon kansa, da sharhin malamin a kai, bayan mako ɗaya. Halin da jiki ya shekara yana yi ba ya fita a yini biyu, malamin ma ya faɗa da bakinsa. Abin da mutum ke buƙata shi ne abin da zai riƙa komawa yana dubawa. Sai da na yi ta aika saƙo kafin wani abu ya iso, bayan fiye da wata. Da na buɗe, ɗan guntu ne, an ɗauka daga gaba, hakama a sake, ƙafafuna ba sa ma fitowa a hoton sai idan na ja da baya. Babu murya, babu rubutu, babu ko layi da aka ja. Wurin da ya kwantar da shinai gaban yatsana, wanda shi nake so in gani da idona, ba su ɗauka ba sam. Na rubuta musu, suka amsa da ban-haƙuri mai tsawo irin na ladabi, ba maganar gyara, ba maganar mayar da wani abu daga kuɗin.

Yanzu da kaina nake yin abin da na biya a yi mini. A ɗaki ina bin layin gefen tabarmar tatami da okuri-ashi, takun da dama ke gaba hagu na biyo ta, a hankali, ba dira, saboda maƙwabcin ƙasa. A dojo ina jingine waya a ƙasa ta bayana, ba ta gaba ba, in tattare hakama in malam ya ba da izini. Na koma na kalli gasar zakarun Japan da ake yi duk 3 ga Nuwamba a Nippon Budokan da ke Tokiyo, ban kalli takubba ba, ƙafar hagu kawai na riƙa bi. Za ka ga ta dasu tana jira, dama na ɗan laluben gaba, sannan mutum ya tashi gaba ɗayansa ba tare da satar taku ba. Dunduniyata ta yi sauƙi ƙwarai, matashin yana cikin jaka ban sake sa shi ba. A kihon, wato atisayen tushe, ƙafar tana zama daidai, a karawa da wanda ya fi ni har yanzu takan buɗe idan na matsu.

Na ga sun sake fitar da talla na wani zagayen, zaure ɗaya, alkawarin bidiyo ɗaya, adadin nan na mutum 20 ma bai canza ba. Ni dai ba zan ƙara ba su ko yen ɗaya ba. Wanda ya dage sai ya je, ya tambaye su a rubuce mutum nawa suka riga suka karɓa, wane irin daɓe ne, kuma daga wane ɓangare za a ɗauki bidiyon, ya kuma tsaya a layin gaba tun safiyar Asabar. Dattijon kuwa na bincika na ji yana zuwa atisayen asuba a wani dojo na unguwa, inda ba a biyan komai sai kuɗin wata na kowa da kowa. Na riga na nemi izinin malaminmu, can zan riƙa binsa.