Munny na Kidrobot: ya dace da aikin baje koli?

Cikin fararen mutum-mutumin roba da ake sayarwa don mai zane ya ƙawata da kansa, Munny mai inci 7 na kamfanin Kidrobot na Amurka ya cancanci kuɗinsa. Kansa babba ne, fili ya wadaci buroshi. Kai da hannuwa suna ciruwa idan aka ɗumama mahaɗar da na'urar busar da gashi.

Matsalarsa tana wajen fenti. Sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da sanfefa mai lamba 400, in ba haka ba fenti ya riƙa ɓarewa. Fentin mai kuwa sam ba ya shiri da wannan robar: sinadarin da ke tausasa ta yana hana shi bushewa, ya yi ta danƙo har ranar buɗe baje koli. Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, ake shafawa, sirara-sirara, sau uku.

Don ƙara kunne ko ƙaho, Apoxie Sculpt, wani haɗi mai kama da yumɓu da ake mulmulawa, ya fi, domin yana sandarewa cikin awa 24 ba tare da an gasa shi ba, zafin tanda kuwa yana lanƙwasa robar. Idan ƙarin ya yi nauyi Munny yakan kife, sai a zuba yashi a gangar jikinsa kafin a mayar da kai.