MiFi, rauta ko Starlink: wanne ya kamata ka saya wa gidanka?

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 mutane suka fara lissafi, maimakon kowa a gida ya riƙa saka ta dubu ɗaya tana ƙarewa kafin sati, ai gara a sayi na'urar intanet ɗaya kowa ya hau. To a nan ake rikicewa, ka shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano yaran shago su yi maka caa, wannan ya ce MiFi, wancan ya ce rauta mai 5G, wani ma ya ce Alhaji kawai ka kafa Starlink ka huta.

Kafin ka saurari kowa, ka gwada netwok ɗin ɗakinka tukuna. Ɗakin fa nake nufi, ba unguwar ba, don sai ka ga a ƙofar gida sabis ya cika amma da ka shiga falo ya koma sanda ɗaya. Ka ari wayar mai MTN, mai Airtel, mai Glo, ka buɗe bidiyo a YouTube a daidai inda za ka ajiye na'urar, kuma ka yi gwajin bayan isha'i lokacin da kowa ya hau, ba da asuba ba da ko'ina gudu yake kamar me. Rauta, wato na'urar da ake ajiyewa a gida tana raba intanet ta waifai, ba ta ƙirƙirar sabis, abin da yake akwai shi take kamawa, illa dai eriyarta ta ɗan fi ta waya ƙarfi.

Idan kai kaɗai ne, ko kai da uwargida, gaskiya hotsifot na wayarka ya ishe ka, ba sai ka sayi komai ba. Matsalarsa wayar na zafi, batir na saurin mutuwa, kuma da ka fita da ita gidan ya koma ba intanet.

MiFi ita ce 'yar ƙaramar nan mai shiga aljihu, tana da batirinta da kan yi awa shida zuwa takwas idan sabuwa ce, yawanci tana ɗaukar wayoyi har goma. Ta dace da ɗalibi, mai POS, da mai yawan tafiya. Amma ka tambaya, a kulle take ko a buɗe? Wadda kamfanin waya ke sayarwa ta fi arha kuma sukan haɗa maka da data ta kyauta, sai dai layinsu kaɗai take ɗauka, ranar da netwok ɗinsu ya ɗauke sai ka zauna kana kallon jan fitila. Buɗaɗɗiyar ta fi tsada amma duk layin da ka saka tana ci. Ni dai in ana maganar kasuwanci buɗaɗɗiya zan ce ka saya, saboda mai POS da ya rasa netwok na awa biyu ranar kasuwa ya yi asarar da ta fi bambancin kuɗin. Kuma kar a bar ta a caji dare da rana, batirin kumbura yake yi, balle a zafin Afrilu.

Gida mai mutum biyar zuwa sama kuwa, rauta ce maganinsa. Tana ɗaukar na'urori talatin da wani abu, sabis ɗinta na ratsa ɗakuna fiye da MiFi, kuma tsarin data na wata da ake sayar mata ya fi sauƙi in ka raba kuɗin da yawan gig ɗin. Ciwonta ɗaya ne, wuta. Da yawansu ba su da batir, NEPA na ɗaukewa ta mutu, don haka ka saka kuɗin ƙaramin UPS ɗin nan na rauta, mai riƙe ta in an ɗauke wuta, a lissafinka tun farko, ko ka nemi mai batir a ciki. Wutar da take ci kaɗan ce, ko ƙaramin sola na riƙe ta.

Maganar 5G kuma, MTN ta fara a 2022 kuma Kano da Maiduguri na cikin biranen farko, Airtel ta biyo a 2023, amma kasancewar akwai a gari ba ya nufin ya iso layinku. In bai iso ba ka biya kuɗin rauta mai 5G ne kana shan 4G. In ya iso kuma ka shirya, saboda gudun na sa bidiyo ya riƙa buɗewa da hoto mafi kyau da kansa, data na zuba kamar an kwance famfo. Shi kuma tsarin da suke cewa mara iyaka, dan Allah ka karanta ƙananan rubutun, yawanci akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu har wata ya ƙare.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasar farko a Afirka. Ba ruwanta da turken sabis, sama kawai take so ta gani ba bishiya ba bene. Ga asibitin ƙauye, makaranta, gona ko ofis a inda netwok bai kai ba, wallahi ba ta da na biyu. Amma kayan kaɗai dubu ɗaruruwa ne, ga kuɗin wata, ga wutar da take sha ta ninka ta rauta sau da yawa, dole sai da inbata ko sola mai ƙarfi, kuma in hadari ya haɗu sosai tana ɗan yankewa. Ga mutumin da ke cikin birni yana WhatsApp da TikTok, sayenta burga ce kawai. In kuwa wayar faiba, wadda ake jawo intanet da ita har cikin gida, ta biyo ta layinku, ka fara tambayar kuɗinta kafin duk waɗannan.

Ko wacce ka saya, ranar farko ka canza lambobin sirri guda biyu, ba ɗaya ba. Akwai na waifai wanda ke rubuce a bayan na'urar, akwai kuma na shiga saitin ta, wanda da yawa ke zuwa da admin kawai, ana shiga ta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, yana nan a jikin kwalin. Duk yaron maƙota da ya taɓa hawa zai iya shiga can ya ga komai in ba ka canza ba. Kar ka saka lambar wayarka ko sunan ɗanka, shi ake fara gwadawa. A cikin saitin za ka ga jerin wayoyin da ke kai, wadda ba ka gane ba ka toshe ta.

Ta hannu kuma a yi hattara, musamman in an ce har da layi a ciki. Kowane layi yanzu haɗe yake da NIN ɗin wani, ka sayi data mai yawa a kai mai shi ya je ya yi welkom bak, wato ya sake ciro layin, shi ke nan, ba ka da bakin magana. Ka yi rajistar layin da sunanka, ka karɓi rasit.

Su Baba da Hajiya kuma kar a wahalar da su da dogon fasawod, kai ka haɗa musu sau ɗaya wayar za ta riƙe. Sannan ka shiga WhatsApp ɗinsu ka kashe saukar da bidiyo da kansa, don guruf ɗin dangi kaɗai ya isa ya cinye rabin datar wata. In kamfani ya ci maka data ba gaira ba dalili ka kai ƙara wajensu ba su kula ka ba, 622 ce lambar NCC, kuma kyauta ake kiranta.