Sharhi: sikelin kicin da nauyin da ya ƙi sauka

Sikelin auna abinci ƙaramin abu ne, faɗinsa bai wuce faranti ba, da ƙananan batira biyu yake aiki, yana auna daga giram 1 har kilo 5. A kasuwar Idumota da ke Legas na sayi nawa lokacin da nake rage ƙiba nauyina ya tsaya cak, kuma ina ganin duk wadda ta iso wannan gaɓar ta fara da shi kafin ta miƙa kuɗinta ga masu tallar shayin rage tumbi a cikin danfo, motar haya ta Legas. Yana da aibinsa, zan zo kansu.

Farkon rage ƙiba akwai daɗi. Na bar lemon kwalba, na rage burodin Agege, ni da maƙwabtana muna fita tafiya bayan asuba ta wajen filin wasa na Agege, jiki yana ta sauka. Sai abu ya tsaya. Ban ƙara abinci ba, ban fasa tafiya ba, amma ko yaushe na hau sikelin auna nauyin jiki lamba ɗaya nake gani. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tambaye ni, "Yaya, man da kike zubawa a miya, da ido kike aunawa ko da me?" Ta kuma yi min bayanin da ban taɓa ji daga bakin masu sayar da magani ba: jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da, tamkar motar da aka sauke wa kaya ce, man da take sha ya ragu. Abincin da ya sauke ki a farko yana iya zama daidai da buƙatarki yanzu, don haka ba hawa ba sauka.

A kan mai ne sikelin ya biya kuɗinsa. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana kai kalori 120. Da na ɗora ludayin da nake soya miya da shi, na tarar yana cin wajen cokali huɗu, kuma wa ke tsayawa a ludayi ɗaya idan za a yi miyar dage-dage? Mu matan Hausawa mun taso a kan cewa miyar da mai bai taso a samanta ba miyar rowa ce. Na rage shi zuwa abin da na auna, na ƙara albasa da daddawa da tattasai, kuma har yau maigida bai ce miya ta canza ba.

Gyaɗa ta biyo baya. Ita muke ɗauka a matsayin abin taɓawa mara laifi, ana zaune a go-sulo daga Oshodi zuwa Agege ana jefawa a baki, amma giram 100 nata ya haura kalori 550. Shinkafa kuma sai a kula da wadda ake aunawa: ɗanya giram 100 tana kusan kalori 360, dafaffiya kusan 130, saboda ruwan da ta sha. Tuwo ma haka yake, nauyin malmala ya danganta da ruwanta, shi ya sa nake auna gari ko shinkafar tun kafin ta shiga tukunya. Wannan kuskuren ido ba na mutum ɗaya ba ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, an bi mutanen da suka ce suna rage ci amma nauyinsu ya ƙi sauka, aka samu abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi, motsa jikin da suke lissafawa kuma ya zarce na gaskiya da kusan rabi. Ba ƙarya suke yi ba, ido ne ba ya iya awo.

Maɓallin da ya fi min amfani shi ne wanda aka rubuta TARE a kansa. Ki ɗora kwano, ki danna, ya koma sifili, ki zuba abinci ki ga nauyinsa shi kaɗai.

Aibin kuwa, na farko yana kashe kansa da wuri. Kina tsakiyar zuba gari, kin juya ki duba tukunya, kin dawo ya mutu, sai an sake daga farko. Ba ya son ruwa ko tururi, kuma idan teburin bai daidaita ba lambar ta dinga rawa. Babbar matsalar ita ce ba a yi shi don gidan da ake cin tukunya ɗaya ba. Dabarata ita ce in auna man duka kafin ya shiga, in raba da yawan waɗanda za su ci. Ba daidai yake cif ba, amma ya fi ƙiyasi nesa. A gidan biki ko suna, ko wajen mai tsire, ba shi da amfani ko kaɗan, sai dai idon da ya koya a gida ya taimaka. Manhajojin lissafin kalori na waya ma sau da yawa ba a samun miyar kuka ko waina a cikinsu yadda muke yi, sai an shigar da kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da gajiya.

Ba zan ba sikelin yabon duka ba. A lokacin na ƙara wake da ƙwai da kifi da awara don yunwa ta daina kora ta ga gyaɗa, na kuma fara atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ƙari a kan minti 150 na motsa jiki a mako. Tef ɗin tela ma ya shigo, domin akwai makon da ƙugu ke raguwa nauyi bai motsa ba, musamman gab da al'ada ko bayan cin abu mai gishiri, lokacin da jiki ke riƙe ruwa. Da aka haɗa waɗannan nauyin ya ci gaba da sauka a hankali, ba irin gudun farko ba.

Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon suga da ke shan magani su ga likita kafin su rage ci. Wadda kuma awon ya fara hana ta sukuni, ba ta iya cin loma sai ta ɗora, ta ajiye shi a kabad. Makonni kaɗan sun isa ido ya koyi girman cokali da malmala.

Idan za ki saya, ki shiga shago biyu ko uku, farashi yana bambanta sosai. Ki tafi da ledar taliya ta giram 500 da ba a buɗe ba, ki sa mai shagon ya saka batir, ki ɗora a gabansa. Idan lambar ta yi nisa da 500, ki ce ya ɗauko wani.