Kwagiri ɗaya ko sanduna biyu: wanne ya dace da Baba?

'Yar'uwa, kin ce Baba ya haura saba'in, ya fara duƙawa, ƙafa ba ta riƙe shi sosai a hanyarsa ta masallaci can Argungu, ƙaninki kuma yana so ya aiko masa da sandunan tafiya biyu na Turawa, waɗanda ake riƙe ɗaya a kowane hannu. Kina tambaya ko a bar shi da kwagirinsa. Kafin a kashe kuɗi, ki tsaya ki kalli tafiyarsa: ƙafa ɗaya yake ɗingisawa, ko tangaɗi yake yi?

In gwiwa ɗaya ce ko ƙugu ɗaya ke ciwo, kwagiri ya fi, don an yi shi ne a ɗora masa nauyi. Sai dai tsofaffinmu da yawa ba sa riƙe shi daidai. Ƙafar dama ke ciwo? A hannun hagu ake riƙewa, a jefa shi gaba tare da ƙafar mai ciwon, nauyin ya rabu tsakaninsu. Ga kuma hannun dama ya samu sararin gaisawa. Sai tsawo. Baba ya tsaya da takalminsa, ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa. Gajeren kwagiri janyo mutum ƙasa yake yi, dogo kuma ya ɗage kafaɗa. Na sha ganin dattijon da ake cewa tsufa ya tanƙwara shi, alhali sandar ce ta gaza da tafin hannu guda.

Sanduna biyu aikinsu daban ne. Daga ƙasar Finlan suka fito, inda masu tseren zamiya a kan ƙanƙara ke motsa jiki da su a lokacin da babu ƙanƙarar, aka kuma fara sayar da su don tafiya zalla a shekarun 1990. Mai riƙe da su yana taɓa ƙasa a wuri huɗu, shi ya sa tangaɗi ke raguwa. Da yake mariƙan suna gabansa wajen tsayin gwiwar hannu, ƙirji yakan buɗe, kai ya ɗago, taku ya ƙara faɗi, kafaɗu da baya su ma su shiga aiki. A nan suka yi wa kwagiri nisa, domin shi gefe ɗaya yake karkatar da mutum. Ki tuna yadda Bafulatani ke ratsa taɓon fadama da doguwar sandarsa a tsaye cak. Lissafin tsawon sandunan biyu: a ninka tsayin mutum da 0.68. Mai santimita 170 zai nemi kamar 115.

Aibinsu fa? Ba a jingina dukan jiki a kansu. Suna son hannu biyu masu ƙarfi, don haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba nasa ba ne. Babu hannun buta, babu na tasbaha. Bakinsu na ƙarfe yana kama ƙasa da yashi, amma a kan tayil ɗin masallaci santsi yake yi, sai an sa masa roba. Yaran unguwa kuma za su bi shi da kallo, kin fi ni sanin ko Baba zai jure wannan.

Ni dai a yadda kika kwatanta, duƙawa da rashin tsayuwa, zan ce sanduna biyu don tattakin safe, kwagiri mai roba a gindi don masallaci da kasuwa. Amma in jiri yake ji, ko tafin ƙafarsa ya mutu, ko ya taɓa faɗuwa, a fara auna jininsa da suga, a duba idonsa, a kai shi wajen masu gashin ƙashi a Birnin Kebbi su zaɓa masa.

Ki ce wa ƙanin naki ya dakata tukuna. A yanko gora biyu daidai tsayin da na faɗa, Baba ya gwada su a tsakar gida na mako guda, wani yana tafe a gefensa. In ya karɓe su, sai a aiko da na kanti.